Kiran da Ba Mu Koya Ba

Shanunmu irin na kakanmu ne, gajeru, baƙaƙe, masu naman wuya. Ƙaya ma abinci ce a wurinsu. Sha biyu suka rage, kuma duk yankin babu mai irinsu sai mu. Shekara guda suke yi a tsibirin tsakiyar kogi ba ɗauri ba rumfa, kuma ba sa amsa kiran kowa sai na Baba. Mu kuwa, don sakarci, ba wanda ya taɓa koyon kiran. Ai Baba na nan.

To, sai ga Baba kwance, ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace. Kwana tara da faruwar haka, da hantsi, mai gadin dam ya bugo mini waya.

"An buɗe ruwa. Kafin azahar tsibirinku ya nutse."

Na ruga bakin kogi, na yi ta kwarara kira har maƙogwarona ya bushe. Uwar garken, wadda muke ce wa Mai Ƙaho Ɗaya, ko kunne ba ta kaɗa ba. Na kaɗa bokitin gishiri, a banza. Ruwan ya yi jajir, ya riga ya cinye dutsen da muke tsayawa a kai.

Na koma gida na sunkuci Baba na sa a baro. Inna ta tare ƙofa.

"Kashe mini shi za ka yi saboda shanu?"

Baba ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna hanya. Ta kauce tana kuka.

A bakin kogi na tallafo bayansa. Ya buɗe baki, yawu kawai ya zubo. Ya sake. A na uku wani gurnani ya fito, ko ni da ke riƙe da shi da ƙyar na ji.

Mai Ƙaho Ɗaya ta ɗago kai. Ta tsaya, ta tsaya, sannan ta faɗa ruwan, sauran suka bi ta, hanci kawai ake gani. Ina ƙirgawa ina salati har sha biyun suka hau tudu.

Na juyo zan gaya wa Baba. Bai ma dube su ba. Hannuna ya kamo ya ɗora a maƙogwaronsa, ya sake yin kiran a hankali, yana jira in maimaita.