Jakin Banjon Madam

Ga ta nan tafe gare ku.
Ta iso, muna saurare.

Maikuɗi ya tsaya a wani gidan mai bayan ya bar Riyadh, ya leƙa bayan mota don ya duba kayan amana. Yana buɗe akwatin, gabansa ya faɗi. Tsirkiyoyin banjon sun kwanta lakwas a kan fata, ga wani ɗan guntun katako yana yawo a gefe.

Bari in gaya muku yadda aka yi. Maikuɗi direba ne a Unguwar Ofisoshin Jakadanci, shekara shida yana tuƙa wata Baturiya. Banjon, wani abin kiɗan Turawa mai tsirkiya, na marigayi mijinta ne, ko mai shara ba ta bari ta taɓa shi. Da za ta tafi hutu, ganin yadda Maikuɗi ke yawan kallonsa yana cewa kamar gurmin garinsu, sai ta miƙa masa. Shi kuma ya ƙudura duk Juma'a zai tafi Al-Kharj wajen abokinsa Oumarou, mutumin Maraɗi mai kula da gonar dabino, wanda ya gaji kiɗan gurmi, ya koya masa. Bai samu zuwa ba sai wannan Juma'ar. Don tsoron kada zafi ya tsinka tsirkiya, ya sassauta su duka kafin ya taso. Ga abin da ya jawo.

Jibi Madam za ta dawo. Da wane ido zai kalle ta? Ya shiga kantin gidan man ya sayi gam mai kama ƙarfe, ya ci gaba da tafiya.

Ya tarar da Oumarou a ƙarƙashin dabino yana dafa shayi.

"Bakano, lafiya? Ka shigo kamar an ƙwace maka iƙama, takardar zaman ƙasa."

"Gara iƙamar, Malam Oumarou. Na karya kayan mamaci."

Ko zama bai yi kirki ba, ya buɗe akwatin a kan tabarma, ya cire murfin gam da haƙori, ya ɗauki katakon zai ɗiga masa. Oumarou ya yi wuf ya cafke hannunsa, har kofin shayi ya kife.

"Kai! Mi za ka yi?"

"Liƙawa zan yi, kafin ta gani."

"Mu gani." Oumarou ya juya katakon, ya shafa ƙasansa da ɗan yatsa. Sai ya fashe da dariya. "Ina alamar gam a nan? Wanga ai jaki ne, wanda tsirkiya ke hawa. Ba a liƙa shi, nauyin tsirkiya ke riƙe shi. Haka na gurmi yake. Da ka ɗiga abin nan a fatar, shi ne da ka yi ɓarnar gaske."

"Ka rantse bai karye ba?"

"Wallahi. Yalla, maza miƙo banjon."

Ya duba fatar, ya ga ɗan tabon da katakon ya bari na shekaru, ya tsayar da shi daidai wurin. Ya dinga murɗa maɗaurin tsirkiya ɗaya bayan ɗaya, kunnensa a karkace. Da ya buga da bayan farce, sai sauti ya tashi tangararan a cikin gonar.

Maikuɗi ya kwanta rigingine a tabarma ya ce, "Alhamdu lillahi," sau uku.

"Tashi, rago. Kwanciya ka zo yi ko koyo? Ba ni yatsan nan."

Har la'asar Maikuɗi yana fama, bai iya komai ba sai bugu biyu, su ma a karkace.

Ran Lahadi ya gaya wa Madam duk abin da ya faru, bai rage komai ba. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce ran Juma'a da ita za a je. Yanzu Maikuɗi ya iya kiɗa uku. Oumarou yana nan a gonarsa, ya ɗaura wa gurminsa sabuwar fata. Madam kuwa ta ce shayin Al-Kharj ya yi mata zaƙi da yawa, amma ba ta taɓa barin saura a kofi ba.