Kwamfutar da Ke Kunyar Maigida

Duk unguwarsu a Kazaure an san Malam Muhammadu Lawal da abu biyu: ya yi shekara talatin da biyar yana malamin gona, kuma bai taɓa cire wa sabon abu ledarsa ba. Kujerun falonsa har yau suna cikin ledar da suka zo da ita, in ka zauna ta yi kuka, in ka tashi ta biyo ka. Rimot a leda, sirdin babur a leda. Matarsa Shatu kan ce da ita ma a leda aka kawo ta gidan, da har yanzu tana ciki. Kwamfutar da ya saya shekara goma sha ɗaya da suka wuce haka take, akwatin a lulluɓe ruf, an huda wa wayoyi 'yan ƙofofi ta baya.

Wannan tsohuwa ce 'yarsa Halima Sa'adiyya ta ɗora wa buri. Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa kowa ke ce mata Uwa. Ta gama karatun zanen gine-gine, ga shi kuma Malam na shirin gina filinsa na hanyar Roni ya koma can. Sai dai ya riga ya yi magana da Sama'ilu magini, mutumin da ke zana gida da tsinke a ƙasa. Uwa ta kai masa nata zanen a takarda, ya jujjuya shi, ya ce shi layuka kawai yake gani kamar an yi dara. In gida ne, a nuna masa ya shiga. Ya ba ta zuwa magaribar Alhamis, in bai shiga ba Sama'ilu zai kafa turaku.

Gidan kam yana cikin kwamfuta, da ɗakunansa da ƙofofinsa, amma da ta ce za ta zagaya cikinsa sai tsohuwar ta tsaya cak tana gurnani. Nuruddeen, ɗan yayan Malam da ke gyaran kwamfuta a Kano, ya ce katin hoto take buƙata, wata na'ura da ake sokawa a cikin akwatin. Ya ba direban mota ya kawo shi da hantsin Alhamis ɗin.

Malam na fita azahar Uwa ta tuɓe wa akwatin leda a hankali, ta kwance gefensa, ta hura ƙurar da ta isa a shuka gero a ciki, ta cusa katin har ya ce ƙas. Ta kunna. Allo ya yi baƙi ƙirin. Ta kira Nuruddeen. Ya tambaye ta ina ta soka wayar allon, ta ce inda take tun fil azal. Sai da ya gama dariyarsa sannan ya ce ta mayar da ita jikin sabon katin. Ta mayar. Har yanzu baƙi. Ashe katin ma da tasa wayar wuta, ga ta can tana reto a cikin akwatin ba wanda ya kula ta. Ta soka, ta sa manhajar da ya turo mata, allo ya haska.

Kai, zo ka ga gida! Ta shiga zaure, ta ratsa tsakar gida, ta leƙa madafa, ko tuntuɓe babu. Uwa ta yi tsalle ta dire, ta kamo Shatu da muciya a hannu suka zagaya falo suna rawa babu kiɗa. Da ta ji ƙarar babur a ƙofar gida, ta yi wuf ta ɗaure gefen akwatin, ta mayar masa da ledarsa tsaf kamar ba a taɓa ba.

Malam ya zauna, ya gyara tabarau. Aka shiga zaure lafiya. Ana dab da tsakar gida sai fankar ciki ta hau ihu, allo ya ɗauke ɗif.

"To Uwata, gidan naki daga zaure ya rushe?" in ji shi, yana murmushi.

Ya tashi ya tafi duba ragunansa. Uwa ta sake tuɓe leda, ta buɗe akwati, ta danna nan ta ja can, ba ta ga komai ba. Ta kunna, gida ya tafi sumul. Ta rufe, ta lulluɓe, ta kira Baba. Wannan karon ma ko tsakar gida ba a kai ba. Sau uku ana haka. Shatu, wadda dariya ta sa ta dafa bango, ta ce ai abin a fili yake, kwamfutar kunyar maigida take ji kamar surukarsa. Har Malam sai da ya dara. Uwa ma ta yi dariyar, amma ta ciki na ciki, don an kira la'asar kuma Nuruddeen ya daina ɗaukar waya.

Ta dafa akwatin don ta ja shi, sai ta janye hannu da sauri. Zafi kamar kaskon tuya. Ledar ta yi laushi, ta manne a kan ramukan shan iska. Nan take ta gane. Tsohon aiki bai taɓa sa kwamfutar gumi ba, amma wannan kati numfashi yake so, ga shi ana tsakiyar bazara, duwatsun garin kansu turiri suke. Duk lokacin da gidan ya tafi daidai, akwatin tsirara yake. Da hannunta take shaƙe shi kafin ta kira Baba.

Murna ta kama ta, tsoro ya biyo baya. Gano cuta daban, faɗa wa Malam Muhammadu Lawal ya cire leda daban. Da ya dawo daga masallaci ta durƙusa a gabansa, ta fara da cewa sau huɗu ta tuɓe ledar yau ba da saninsa ba, ya yafe mata. Sannan ta yi masa bayani.

"Baba, in da ledar, ba za ka taɓa wuce zaure ba."

Ya dube ta, ya dubi akwatin. Ya ce shekara goma sha ɗaya ko ƙwarzane babu. Can sai ya naɗe hannun riga, ya ce in dai za a cire, shi zai cire. Ya zare ta a hankali kamar mai fiɗar rago, ya ninke gida huɗu, ya sa a aljihu.

Aka kunna. Uwa ta ɗora hannunsa a kan linzamin kwamfutar. Ya yi karo da bango sau biyu, ya faɗa cikin madafa ya kasa fita, Shatu na guɗa tana cewa yau dai ta ga maigida a gindin murhu. Ya ratsa tsakar gida yana ta ƙorafin tagogi sun yi girma, bakinsa kuwa har kunne. Da ya iso wani ɗaki ta gabas sai ya tsaya. Ya ce wannan ƙofa ba ta da dokin ƙofa, ga kuma ƙarfe an bi jikin bango da shi har banɗaki, ko mantuwa ta yi?

"Ɗakinka ne, Baba. Na ga yadda kake dafa bango in za ka tashi daga sallah."

Malam bai taɓa faɗa wa kowa gwiwoyinsa na ciwo ba, ya ɗauka ya iya ɓoyo. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Daɗi ya cika shi, ya rasa inda zai sa kansa.

Ya laluba aljihu ya ɗauko waya, ya kira Sama'ilu. Ya ce ya zo ranar Asabar da igiyarsa da turakunsa, amma tsinken ya bar shi a gida.

"Inda Uwata ta nuna maka," in ji shi, "nan za ka kafa."