Tanki a Gadon Jariri

"Mama, wannan ma ƙanina ne?"

'Yata mai shekara huɗu ce ta yi tambayar, tana leƙa gadon jariri. Na ajiye tsintsiya na je na duba. Tankin babur ne kwance a kan katifa, ja wur, an shimfiɗa masa jarida. Madigadi biyu, murfin tayar gaba da na baya, suna lilo a ƙusar da nake rataye tawul. Jaririn gaske yana goye a bayana, ya fara tari.

Maigidana fentin babura yake yi a shagon ƙofar gida. Wannan aikin na wani ne da ake kira Dogo, mai tseren babur a duwatsu da taɓo. Kwana tara Baban yara ya yi a kansa: ya goge da samfefa, ya fesa, ya sake gogewa, kamar mai neman laifi. Da safiyar nan ya fesa na ƙarshe, mai sheƙi.

Na leƙa shago. "Baban yara, mun yi baƙo a ɗaki ban sani ba."

"Kafintan maƙwabcinmu ne ya kunna injinsa," in ji shi. "Garin katako ɗaya ya sauka a kai, aiki ya koma farko. Duk gidan nan ɗakin yara ne kawai tagarsa ke rufuwa."

"Na sani. Ni na sa aka gyara ta, saboda yara."

"Zuwa gobe ne fa. Kada ki taɓa, bai bushe ba."

"Su kuma su daina numfashi zuwa goben?"

Ya ce warin ba shi da yawa. Mutumin da ya shekara goma yana shaƙar tina, ruwan sirka fenti, ko albasa ba ya ji.

Da ya fita sayen tef na zana harshen wutar da Dogo ya ce a yi masa, na zura sandar tsintsiya ta bakin tankin, na ɗauke shi zuwa ɗakin ajiya, na biyo da madigadan. Na wangale tagar yara, na fitar da katifa rana. Ni ba mai ɓarna ba ce, na san wahalar da ya sha. Ganin tagar ɗakin ajiya ba gilashi, sai na ciro labulen leshi na falo na lulluɓe su da kyau don kada ƙura ta taɓa.

Da la'asar ya ɗaga labulen. Leshin ya tashi da ƙara, kamar ana cire filasta. Furanni sun kwanta a jikin tankin reras, har da ganyensu. Ya kife bokiti ya zauna a kai.

Washegari Dogo ya iso, ya sunkuyo ya shiga. Ya daɗe yana kallo.

"Oga, harshen wuta na ce."

"Haka ka ce."

"Wannan kuma fure ne."

"Fure ne."

Dogo ya shafa da ɗan yatsa, ya karkata shi wajen haske. "Wallahi duk filin ba mai irinsa. Ta yaya ka yi?"

"Sirrin sana'a," in ji Baban yara, yana kallon ƙasa.

Bayan sati ɗaya tankuna biyar suka sauka a shago. Ƙarti masu tabo a gwiwa, kowa fure yake so. Na ga Baban yara yana auna ɗakin yara da ido: biyu a gado, uku a ƙasa. Ban yi musu ba. Na sayo kwaɗo na garƙame ƙofar, makullin yana wuyana. Na ba shi sauran labulen da leda mai kauri, ya kafa rumfa a bayan shago. Tarin jaririn ya ɗauki kwana huɗu kafin ya sake shi. Falona har yau ba labule.

Ke mai ƙananan yara, ki ji ni da kyau. Ɗanyen fenti ba ya zama inda yaro ke barci, ko na minti biyar ne, ko na wane ne. Ki fitar da shi da hannunki, kada ki jira izini. Amma in za ki rufe shi, ki kifa masa kwali. Kada ki kuskura ki sa masa abu mai ado.