Gurasar Doniyor

Shekara huɗu gurasar na rataye a bangon ɗakin Mastura, da shaidar haƙoran ɗanta Doniyor a gefenta. Ran da zai tafi aikin gini a Rasha ya gutsura, kamar yadda matafiya ke yi a garinsu, tsohuwar Samarkand. Sauran rabonsa ne, sai ya dawo ya cinye. Tun bara wayarsa ta daina shiga. Muddin gurasar na bango, Mastura ba ta yarda ya mutu ba.

Ran Alhamis ta dawo daga kasuwa, ta tarar da ƙusa kawai.

Ta fito lungu ba takalmi. Raisa Kim, 'yar Koriya da suke haɗa katanga, tana yankan karas a ƙofar gida.

"Raisa! Ke kaɗai kika san inda nake ɓoye makulli. Ina gurasar?"

"Ta bango?" Wuƙar ta suɓuce wa Raisa. "Haba Yaya! Shekara talatin muna tare, haukacewa na yi?"

Ashot, ɗan Armeniya mai gyaran takalma, ya leƙo daga rumfarsa.

"Makullin da duk unguwa ta san yana ƙarƙashin tubali? Wani ramamme na gani ya ɗauka ya shiga. Na zaci mai duba mita ne."

"Kuma ka zuba masa ido!" in ji Raisa. "Kai dai in ba takalmi ba ne, ba ka gani."

Suka ɗunguma cikin gidan. Can bayan rumfar inabi, a bakin famfo, ga mutum tsugune ya ba su baya. Yana jiƙa gurasar yana ci. Da hagu.

Mastura ta yi kansa.

"Kai, ɓarawon banza! Rabon ɗana ne! Kuma da hagu, don ba ka da tarbiyya?"

Ya juyo. Furfura a kai, kumatu sun zurma.

"Inna," ya ce, "ta yi tauri."

Raisa ta dafe bango. Ashot ya cire hula bai san ya cire ba.

Mastura ba fuskar take kallo ba. Hannun rigarsa na dama take kallo, an naɗe shi daidai gwiwar hannu an soke da allura. Daga nan zuwa ƙasa babu hannu.

"Raisa," ta ce daga ƙarshe, "ɗora shayi. Ba da ruwan famfo ake jiƙa ta ba."