Sunan da Baba Namadi Bai Faɗa Ba

"Ka tahi ka ce mishi shi zo," in ji Baba Namadi.

Dele ya tsuguna a bakin bukkar, hannuwansa fari fat da garin dawa, don daga kan injin niƙa Inna Hamsatu ta kira shi. Ya dubi tsohon a kwance kan tabarma. Ya dubi Inna Hamsatu, matar tsohon.

"Wa, Baba?"

"Shi dai."

"Shi wa?"

Tsohon ya rufe ido. A wurinsa magana ta ƙare.

Shekara shida ke nan suna maƙwabtaka a gefen garin Bagudo, inda gidaje suke ƙarewa gonaki su fara. Dele Bayarabe ne, Kirista, mai injin niƙa da babur ɗaya. Namadi Bafulatani ne. Ya bi shanu shekara sittin, gwiwa ta zaunar da shi. Kullum yakan zo gindin ɗorawar da ke gaban injin da sandarsa da malafarsa, ya zauna yana kushe duniya. Mai inji yake ce wa Dele.

Yau kwana shida bai ci komai ba. Dele ya yi masa maganar asibiti, ya ce, "Ciwon mi? Ni na ce maka ina ciwo?" Florence, matar Dele, ta dama madarar gwangwani ta kawo. Ya sansana, ya ture kofin.

"Wagga saniya ba ta taɓa ganin ciyawa ba."

A makon nan ne kuma rediyo ya ce an yanke sabuwar jiha. Gari ya cika da kiɗa da ƙahon mota. Da Dele ya gaya masa yanzu ba su Sakkwato, sun koma Kabi, tsohon ya ɗaga kai ya dubi rufin bukkarsa.

"Yaushe muka tashi? Ban ga an ɗaure kaya ba."

Dele bai sani ba ko ba'a ce, ko kan tsohon ne ya fara juyewa. Yanzu ma bai sani ba. Ya bi Inna Hamsatu waje.

"Inna, wa yake nufi?"

Ta ja mayafi ta rufe baki. "Ka ji abin da yac ce." Ta ɗauki ƙwarya wankakkiya ta shiga sake wanke ta.

A gida Florence ta ce, "Baban Dolapo, wannan ma abin tambaya ne? Mutum yana kwance, wa zai nema in ba ɗansa ba? Je ka ɗauko Ma'azu."

Ma'azu dillalin shanu ne, ranar yana kasuwa a Lafagu. Dele ya kashe inji, ya bar mata masu jiran niƙa da kwanukan hatsi suna masifa, ya hau babur. Kafin azahar ya dawo da shi.

Tsohon ya buɗe ido. "Ma'azu. An tashi kasuwa?"

"A'a, Baba."

"To mi ya kawo ka?" Ya juya ga Dele. "Mai inji, ƙarar ƙarhen nan ta cinye maka kunne."

Suka fito. Ma'azu ya ja Dele gindin ɗorawa.

"Tsaya. Mi yac ce maka daidai?"

"Ya ce in ce masa ya zo."

"Bai kira suna ba?"

"Sau biyu na tambaya."

Ma'azu ya dafe kai. "Yaya Atiku yake nuhi."

"Wane ne Atiku?"

"Wana. Ɗan fari."

Dele ya tsaya baki buɗe. Shekara shida yana jin labarin tsohon nan. Ya san sunan kowace saniya da ya taɓa mallaka, da uwarta, da inda kura ta kama ta. Bai taɓa jin akwai wani Atiku ba.

"Faɗa suka yi?"

"Faɗan mi?"

"To don me ba ya ambatonsa? Inna ma ba ta taɓa ba."

"Ban ce maka ɗan fari ne ba? Ba a faɗi. Kunya ce."

Dele ya kasa ganewa. Shi duk garin Baban Dolapo ake ce masa, kuma ba sunan da ya fi masa daɗi. Sai ya tuna tsohon bai taɓa kiransa haka ba. Wata rana ma ya ce masa, "Ku dai ba ku da ta ido. Mutum shi rataya sunan ɗansa a wuya kamar ƙararrawa."

Ma'azu ya ba shi sauran labarin a gajarce. Shekarar da aka yi fari, shekara bakwai da suka wuce, ciyawa ta ƙare a nan. Tsohon ba ya iya tafiya. Ya miƙa wa Atiku garken duka, ya ce ya ƙetara da su ƙasar Benin. Ya kuma ce kada ya bar su, ko da an je an ce masa uban ya mutu. Atiku bai bar su ba. Ko sau ɗaya bai zo ba.

"Kai za ka tahi," in ji Ma'azu. "Ni ban iya babur ba, kuma in na hau baya, ina za shi zauna? Ka wuce Tsamiya, ka tambayi rugar Atikun Namadi. Don Allah ka yi sauri. Dubi yadda yake numfashi."

Washegari da sassafe Dele ya ƙetare kogin Kwara. Damina ce, hanya duk taɓo. Sau biyu ya faɗi. A bakin iyaka an shafa wa allo sabon fenti, amma tsohon rubutun yana leƙowa ta ƙarƙashi. Wani ma'aikaci ya karɓi katinsa.

"Daga wace jiha?"

"Sakkwato. A'a, Kabi."

"Wacce daga ciki?"

"Ranka ya daɗe, kati ya ce Sakkwato, rediyo ya ce Kabi. Ni dai daga Bagudo nake."

Mutumin ya yi dariya. "Wajen wa za ka?"

"Wajen ɗan maƙwabcina. Ban taɓa ganinsa ba."

"Allah ya ba da sa'a," ya ce, ya ɗaga masa sandar shinge.

Can ƙetare wasu suka amsa masa da Faransanci, wasu da harshen Dendi. Wasu mata masu tallan nono ne suka nuna masa hanya da ludayi. Sai bayan la'asar ya isa.

Bai buƙaci a nuna masa mutumin ba. Dogo ne, furfura ta fara fito masa a gemu, yana tsaye da ƙafa ɗaya, ya jingina da sanda. Tsayuwar tsohon ce sak. Jajayen shanu masu dogon ƙaho sun kewaye shi.

Suka gaisa. Atiku ya tambayi hanya, da gajiya, da ruwa, da mutanen gida, bai tambayi kowa da suna ba. Dele ya gaji da jira.

"Baba ba lafiya. Ya ce ka zo."

Atiku bai motsa ba. "Shi ya hana ni barin su."

"Yanzu shi ya ce ka zo."

"Ya kira suna?"

Dele ya dubi jikinsa. Wandonsa ya jiƙe, gwiwarsa tana jini. In ya ce a'a, mutumin nan zai ce ba shi ake nema ba, shi Dele ya koma hannu banza, tsohon ya mutu yana jira. Ƙaryar tana kan harshensa. Kalma ɗaya ce. Amma ya tuna idon tsohon, ya kasa.

"Bai kira ba. Na tambaya, ya ƙi. Cewa kawai ya yi, shi dai."

Atiku ya juya baya. Ya daɗe yana kallon shanun.

"To ni ne," ya ce. "Da ka ce ya kira, da na san ba shi ya aiko ka ba."

Dele ya zauna a ƙasa, nan cikin kashin shanu, bai ma lura ba.

A rugar ya kwana. Da gari ya waye Atiku ya damƙa garken ga Bunyaminu, wan matarsa, yana ta nanata masa magana da Fulatanci. Dele ya tada babur yana cewa rana tana yi. Atiku bai kula shi ba. Ya ɗauki gora ya shiga cikin garke. Ya wuce saniya ta fi ashirin, duk masu nono, har ya isa ga wata ja mai karyayyen ƙaho. Ita ya tatsa da hannunsa. Ya toshe bakin gorar da ganye, ya rataya a wuya.

"Don wannan muka ɓata lokaci?" in ji Dele. "Babu madara a Bagudo?"

"Mu tahi," in ji Atiku.

Rana ta karkata lokacin da suka isa. Ma'azu ya taso da gudu. "Shina nan. Da sauran numfashi."

Dele ya zaci mutumin zai faɗa bukkar a guje. Atiku ya tuɓe takalmi, ya zauna a waje, jikin zanar bukkar ta yamma, ya ba ƙofa gefe. Inna Hamsatu ta fito da ƙwarya. Ta ga ɗan da ta yi shekara bakwai ba ta gani ba. Ba ta ce masa sannu ba. Ta zagaya bayan bukka. Dele ya ji ƙwaryar ta faɗi, ya ji ba a ɗauka ba.

Dele ya shiga. Tsohon ya rame ƙwarai cikin kwana biyun nan, amma idonsa a buɗe yake.

"Baba, na kawo shi."

"Mai inji, tambaye shi wa yab bar ma shanu."

Tsakanin uba da ɗa bai fi taku uku ba, zana ce kawai. Dele ya dubi Ma'azu. Ma'azu ya yi masa alama da ido. Dele ya leƙa waje.

"Wai wa ka bar wa shanu?"

"Bunyaminu."

"Ya ce Bunyaminu."

"Na ji. Malalaci ne, amma ba shi ƙarya."

Atiku ya ciro gorar daga wuyansa ya miƙo, bai waiwayo ba. Ma'azu ya tallafi kan uban. Dele ya zuba a ƙaramin ƙoƙo. Tsohon da ya ƙi komai kwana takwas ya sansana, ya kurɓa, ya riƙe a baki.

"Babur ya kaɗa ta, har ta fara hidda mai." Ya sake kurɓa. "Ta gidan saniyata Woɗe ce. Ba Woɗe ba, ita ta tsufa. Ɗiyarta."

"Ita ce," in ji murya daga bayan zana.

"An ba su kanwa kwanan nan."

"Shekaranjiya."

"Ta ɗan yi yawa. Ce mishi shi rage. Kuma shi hidda su daga fadama, ruwa ya yi yawa, kofato za shi ruɓe."

Dele bai ƙara maimaita komai ba. Ba wanda ya lura. Tsohon ya shanye ƙoƙon, ya nemi ƙari, ya sha rabi. Ya koma ya kwanta yana haki. Can ya kamo hannun Dele, ya jawo shi kusa.

"Ce mishi bai ɓata su ba."

Dele ya leƙa. Atiku ya jawo malafarsa ta rufe masa fuska. Kafaɗunsa ba su motsi, amma yatsunsa sun nutse cikin ƙasa.

"Kuma da sahe shi koma. Ba a bar ma suruki shanu kwana biyu."

Nan Dele ya kasa daurewa.

"Haba, Baba! Ga shi nan fa! Na faɗi sau biyu a taɓo, na kwana a daji. Ka kira shi ya shigo ka gan shi mana!"

"Kada ka yi min ihu, ba injinka ba ne." Tsohon ya numfasa. "Na gan shi."

"Yaushe?"

Ya ɗaga yatsa ɗaya. Dele ya bi yatsan da kallo. Ranar yamma tana dukan zana daga waje, ga inuwar mutum a zaune, da malafa, da doguwar sanda a kafaɗa.

"Ya yi ƙiba?" in ji Dele.

"Ya rame. Haka ake so. Makiyayi mai ƙiba, dubi shanunsa."

Bai ƙara cewa komai ba sai kalmar shahada, da Ma'azu yake karanta masa yana bi a hankali. Fuskarsa tana wajen zana har ya cika. Kafin magariba aka kai shi. Dele ya tsaya daga nesa, ya cire hula. Atiku ne ya shiga kabarin ya karɓi uban. Ranar ce Dele ya fara ganin ya taɓa shi.

Da safe Dele ya fito da babur zai mayar da Atiku. Ma'azu ya ce ai tun asuba ya bi motar kasuwa. Ya ɗauki sandar tsohon, ya bar tasa.

"Baban Dolapo!" Florence ta kira daga gida. "Mata suna jira a inji!"

 Dele yana tsaye riƙe da babur, yana kallon gidan maƙwabcinsa. An wanke gorar, an kife ta a kan turke, ruwa yana ɗiga daga bakinta. Inna Hamsatu tana zaune jikin zana ta yamma, daidai inda ɗanta ya zauna jiya. Ta ɗora tafin hannunta a kan ƙasa, inda yatsunsa suka bar rami.