Huɗu Cikin Goma

Autanmu mai gyaran wutar lantarki ne, irin wanda ake nema idan wasu sun taɓa sun kasa. Tsautsayi ya same shi a kan tsani, ya faɗo ta ka. Da aka sallame shi daga asibiti bayan wata biyu, ƙafa lafiya, hannu lafiya, amma kan ya daina riƙe abu. Zai sha shayi, ya ajiye kofi, ya tambaye ni ko ruwan ya tafasa. Ni ce babbar yayarsa, ni na goya shi, don haka wurina ya dawo.

Malamar asibitin da ke kula da shi ta saka mana wata manhaja a waya. Manhajar takan nuna hotuna uku, kamar makulli, takalmi da cokali, ta rufe su, ta tambaye shi me ya gani. Tambaya goma kullum, makin kuma yana zuwa wurin malamar kai tsaye.

A tambaya ta biyar Auta yake gajiya, ya kife wayar a kan tebur ya je ya kwanta. Ni kuwa ban iya ganin aiki rabi ba, ko kwanon maƙwabta na gani ba a wanke ba sai hannuna ya yi ƙaiƙayi. Na ce bari in ƙarasa masa, kada a sa masa jan layi. Da ya tashi ya ga takwas cikin goma, ya yi murmushin da rabona da shi tun kafin faɗuwar. Bai tuna inda ya tsaya ba, ni ma ban tuna masa ba. Haka na yi ta yi har mako uku, ga ni gandan-gandan da furfurata ina cin jarrabawar cokali da takalmi.

Abin da ban sani ba, manhajar tana ƙara nauyi ne gwargwadon maki. Hotuna uku suka zama biyar, biyar suka zama bakwai. Sai hutun da na ɗauka a wurin aiki ya ƙare, Auta ya koma yin goman shi kaɗai.

Ranar Alhamis na dawo na tarar ya fito da akwatin kayan aikinsa. Ya goge filaya da sukundireba tas, ya naɗe wayoyin wuta, ya rufe.

"Ki kira abokin aikina ya zo ya ɗauka," ya ce. "Kan ya sake lalacewa, Yaya. Ga shi a rubuce, makon jiya tara, yau ɗaya. Baya nake komawa. Na haƙura da wayar nan ma."

A natse ya faɗa, kuma natsuwar ce ta tsorata ni. Garin neman gira na kusa rasa ido. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Da ƙyar na lallashe shi muka je asibiti washegari. A gabansa na faɗa wa malamar komai, ban rage ba.

"Ba ke kika fara ba," ta ce, ba tare da faɗa ba. "Manhajar dai ba ta san hannun wa ke taɓa ta ba."

Auta ya dube ni. "Wato taran nan taki ce?"

"Rabi da rabi," na ce.

"Da girmanki, Yaya."

Malamar ta share tsohon makin, ta mayar da shi kan hotuna uku, ta kuma ja kujerata can bakin ƙofa. Ya yi biyar, ya gaji, ta ce ya huta ya sha ruwa. Ya dawo ya ci gaba. Ina hango shi yana kai yatsa kan cokali alhali makulli ya gani, na danne hannuwana a ƙarƙashin cinya.

Da ya gama, wayar ta nuna huɗu cikin goma. Ya daɗe yana kallon lambar, sannan ya waiwayo.

"Kin taɓa?"

"Ban taɓa ba, Auta."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya."

Ya goge fuskar wayar da bakin rigarsa, ya sa ta a aljihu da kansa.

"To kada ki kira abokin nawa tukuna," ya ce. "A bar akwatin inda yake."