Hatimi Goma Sha Biyu na Zenon

Karo na uku da aka kama Zenon Wrona a buge a kan keke, cikin faretin 'yan kwana-kwana ya kutsa, ya kayar da mai ganga. Alƙali ya ɗora masa wata shida a gidan yari, amma ya jingine hukuncin bisa sharaɗi: zaman masu yaƙi da kwalba sau goma sha biyu, sau ɗaya a mako, kowane zama a buga masa hatimi a takarda. Fashi biyu, sai gidan yari. Lasin tuƙi dama an daɗe da karɓe shi. Yanzu keken ma aka hana shi hawa.

Zaman ƙauyenmu a ɗakin ƙasa na coci ake yin sa, taku ɗari biyu daga ƙofar Zenon. Muna riƙe hannun juna, mu yi addu'ar minti biyu, mu miƙa lamarinmu ga Mai Sama, sannan a sha shayi. Wasunmu shekara tara muna miƙawa, muna komawa muna karɓowa. To shi Zenon, masana'antar sukari ta rufe ta bar shi, matarsa ta bar shi, haƙoransa na sama sun bi sahu. Abu ɗaya ya rage masa wanda yake taƙama da shi: shi ne kaɗai mutumin ƙauyen da bai yarda da komai ba. Ana cewa a riƙe hannu ya ɗauki hularsa ya fita.

Ya rubuta wa kotu wasiƙa shafi huɗu, har da lambar sashe daga kundin tsarin mulki. Pani Sroka (Pani da Pan su ne Malama da Malam a wajenmu), jami'ar da kotu ta ɗora ta sa masa ido, ta kira shi ofis.

"Kana da gaskiya, Pan Wrona," ta ce. "Ba mai tilasta maka addu'a. Akwai zaman da babu ruwansa da addini a birni, ɗakin karatu, Alhamis ƙarfe biyar."

"Bas ɗin ƙarshe na dawowa fa uku da arba'in yake tashi."

"Doka 'yanci ta ce a ba ka. Ba ta ce bas ba."

Kilomita arba'in da uku ne. Alhamis ta farko ya bi bas ɗin safe, wanda shi kaɗai ne mai zuwa, ya sauka ƙarfe goma da awa bakwai a hannunsa ba abin yi. Daura da tasha akwai mashaya. Ya shiga don ya fake wa iska. Biyar ta yi yana yi wa wani mai sayar da taya bayanin tsarin mulki.

Fashi ɗaya ke nan.

"Taku ɗari biyu, Zenek!" in ji yayarsa Danuta, da sunan da ake kiransa a gida, tana dangwara masa miyar kabeji. "Ka motsa baki kawai, wa zai duba cikinka? Rabin waɗanda ke wurin ma haka suke yi."

"Ni ba munafuki ba ne."

"Eh, kai mashayi ne mai aƙida. A gidan yari ma Fadan coci yana zuwa duk Lahadi, ka sani ko?"

Mako na biyu ya wuce mashayar da gudu kamar ana bin sa, ya yi awa bakwai a ɗakin karatu yana karanta littafin kiwon zuma. Da biyar ta yi, mutum takwas suka zauna a kujerun yara. Ba addu'a, ba riƙe hannu, sai wata mata da allo tana tambayar kowa abin da zai yi idan ƙishin ya taso. Zenon ya ji kamar ya ci yaƙi. Sai wani mai rigar sanyi a lungu ya ɗago kai.

"Sunana Hirek. Kwana ɗari da shida ban sha ba."

Fada Hieronim ne, limamin cocin ƙauyenmu, ba farar kwala a wuya.

Bayan an buga hatimi, Zenon ya tsaya a bakin titi, ruwa na zuba, yana lissafin kilomita arba'in da uku a ƙafa. Wata ƙaramar mota ta tsaya.

"Shiga, arne," in ji Fada.

"Gara in taka."

"Taka mana. Mako mai zuwa ma ka taka. Ina ganin zuwa mako na huɗu za ka shiga mashayar can don ka huta."

Ya shiga. Rediyon motar tasha ɗaya yake kamawa, ko kuma ɗaya aka bar shi ya kama, kuma daidai lokacin ake jan addu'ar carbi. Tsofaffin mata suna amsawa, Fada yana amsawa, minti hamsin cur.

"Me ya hana ka zuwa na cocinka?" Zenon ya tambaya, don dai ya rufe muryar matan.

"Mutanen da nake jin zunubansu ran Asabar? In zauna in ba su nawa? Kafin Lahadi bishop ya ji." Ya kauce wa wani rami. "Kuma ni addu'a ba ita na rasa ba, Zenek, sana'ata ce. Wanda zai kalle ni ya ce ƙarya nake yi na rasa. Matar nan mai allo ba ta jin kunyar kowa."

"To rage rediyon."

"Motata ce. Kai ka yi shiru da bakinka kan inda ka gan ni, ni in kai ka in dawo da kai."

Haka aka yi. Mutumin da ya kai ƙara kan addu'ar minti biyu ya koma shan ta minti ɗari duk Alhamis, zuwa da dawowa. Hatimi kuwa yana ta taruwa.

Ƙauye ba ya rasa taga. Kafin wata guda kowa ya ga Zenon a gaban motar Fada, kuma Fada ya riga ya gaya wa mai yi masa girki cewa wani bawan Allah yake kaiwa magani. Labari ya cika gari: Zenon ya tuba. Matan da shekara talatin suke tsallaka titi idan sun hango shi suka fara gaishe shi. Danuta ta kunna kyandir na godiya. A kantin burodi wata tsohuwa ta kama hannunsa tana hawaye, ta ce ta daɗe tana sa shi a addu'a.

Zenon ya buɗe baki. Magana ɗaya ce, suna ɗaya, ya karɓi arnancinsa ya koma gida da shi. Sai ya tuna mutumin lungu da ke ƙirga kwanaki a kan kujerar yara. Ya karɓi burodinsa ya ce ya gode.

Ranar da ya kai takardar, Pani Sroka ta ƙirga hatimin da bakin biro.

"Sha biyu. An rufe maganarka. Ka ga ni, Pan Wrona? Mutum ya tsaya kan aƙidarsa, hukuma ta ba shi hanya."

"Ƙwarai," in ji Zenon. "Hanya kam an ba ni."

Alhamis ta gaba yana zaune da silifas, ba kotun da ke bin sa, ba inda zai je. Huɗu saura kwata ya ji hon a ƙofa. Ya leƙa ta taga.

"Na gama nawa, Fada!"

"Na sani. Ni ban gama ba. In ba kai a motar, me zan ce wa mai girki?"

Zenon ya rufe tagar. Can ya jawo takalminsa, ya ɗauki hula. Da ya zauna a motar ya miƙa hannu wajen rediyon, Fada ya buge hannun.